Daga Bakin Tagar Asibiti a Bawku Zuwa Ankara: Ina Sunanka Yake Zuwa Bayan An Rubuta Shi?



Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti a Bawku, ko Salaga, ko Yendi, ya san tsayuwar nan ta bakin taga. Yaro yana kuka a goye, jikinsa zafi rau, uwa ta ƙosa ta ga likita, shi kuwa akawu sai tambaya yake jerowa: Yaya sunansa? Shekararsa nawa? A wace unguwa kuke? Ina katin inshora? Ba a daɗewa sai ka ji wani a bayan layi ya ce, "Mu fa magani muka zo nema, ba ƙidaya ba."

Mai wannan magana yana da uzuri, domin ciwo ba ya jira. To amma abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, rubutun nan ba a cikin littafin yake kwana ba. Tafiya yake yi, daga asibiti zuwa ofishin gunduma, daga nan zuwa Bolga, har ya kai Ankara babban birninmu. Kuma abin da ya faɗa a can shi ne yake yanke yawan maganin da za a aiko mana, da yawan allurar rigakafi, da yawan ma'aikata. Wannan hanya da bayani yake bi ita ce masana harkar gudanarwa suke kira tsarin bayanan gudanarwa, Turawa kuma suna taƙaita sunan da MIS. Sunan yana da nauyi a baki, amma abin ba baƙo ba ne gare mu, kamar yadda za mu gani.

Mene ne tsari?

Tsari shi ne abubuwa dabam-dabam da aka haɗa suna aiki tare domin biyan buƙata guda, ta yadda idan ɗaya ya tsaya sauran za su ji a jikinsu. Tarin buhuna a gefen hanya ba tsari ba ne. Amma cinikin albasa tsari ne.

Mu duba shi da kyau. Akwai manomin rani da ya shuka albasarsa a bakin ruwa a ƙasar Bawku, akwai kuma wadda take shigowa daga Galmi ta ƙasar Nijar, ta ratso Burkina Faso ta faɗo ta iyakar Kulungugu. Wannan shi ne abin da yake shiga cikin tsarin: albasa, da kuɗi, da buhu, da ƙarfin 'yan dako. Sa'an nan sai aiki: a tsince ruɓaɓɓiya, a ware manya da ƙanana, a ɗura a buhu, a rubuta alamar mai kaya, a yi lodi. Abin da yake fita kuwa shi ne kaya a kasuwar Kumasi ko ta Adjen Kotoku, inda aka mai da 'yan albasar Agbogbloshie a shekarar 2021, da kuma ribar da za ta dawo gida.

Saura abu na huɗu, wanda shi ne ran tsarin, wato komowar labari. Idan dillali ya bugo waya ya ce kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, mai kaya zai dakatar da motar gobe. Idan labarin bai zo ba, ko ya zo a makare, ko ya zo da ƙarya, sai albasa ta ruɓe a mota. Ka ga ke nan ba rashin kaya ya kashe cinikin ba, rashin labari ne.

Kowane tsari yana da iyakarsa, yana kuma da abubuwan da suke kewaye da shi waɗanda ba shi da iko a kansu, kamar ruwan sama, da darajar sidi, da lafiyar hanya. Haka kuma a cikin babban tsari akwai ƙananan tsare-tsare: na sufuri dabam, na bashi dabam, na ajiya dabam. Asibiti ma haka yake, makaranta haka, ƙungiyar direbobi haka.

Kakanninmu sun san wannan

Kada wani ya ce mana wannan ilmi da kwamfuta ya zo. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda zangonsu ne ya zama sunan unguwanninmu a yau, ba haka kawai suke kama hanya ba. Ayari yana da madugu mai yanke shawara. Yana da jagaba wanda yake wucewa gaba ya dubo hanya da ruwa da wurin sauka, ya komo da labari. Yana da uban dawaki mai tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya. Yana kuma da malamin ayari mai rubutu da lissafi. A Salaga kuwa akwai maigida mai sauke baƙi, wanda ya san wane ne mai cika alkawari, wane ne ba a ba shi bashi, da dillali wanda ya san farashin yau da na jiya.

Rubutu yana da daraja a wannan harka har ta kai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Kete Krachi, inda ya rasu a 1934. Mutanen wancan zamani sun gane cewa dukiya tana tafiya ne a bayan labari. Abin da ya sauya a yau shi ne sauri da yawa. Labarin da jagaba yake kawowa a kan doki, yanzu waya take kawo shi, kuma littafin da malamin ayari yake riƙewa na mutum ɗari, yanzu na miliyoyin mutane ne.

Tafiyar da rubutu yake yi

Mu koma bakin tagar asibiti. Abin da akawu ko nas ta rubuta a kan yaro guda, ɗanyen bayani ne: suna, shekara, unguwa, ciwo, magani. Shi kaɗai ba ya gaya wa kowa komai sai likitan da zai duba yaron. Amma idan wata ya ƙare aka tattara, aka ga yara nawa suka zo da zazzaɓin cizon sauro, mata nawa suka zo awo, jarirai nawa aka yi wa rigakafi, aka kuma gwada da na watan jiya da na bara, to ɗanyen bayani ya nuna, ya zama labari mai amfani. Bambancin kamar na gero ne da tuwo.

A da, takardun nan a babur ko a mota ake kai su gunduma, a sake kwafe su da hannu, a tura jiha, kafin su kai Ankara wata da watanni sun wuce. A shekarar 2012 Hukumar Kiwon Lafiya ta Ghana ta soma aiki da wani tsari ta intanet a duk faɗin ƙasa mai suna DHIMS2. An gina shi ne a kan manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take jagorantar aikinta, kuma ƙasashe da dama suna amfani da ita, har da Nijeriya. Da zarar jami'in bayanai ya shigar da alƙaluman wata, wanda yake Bolga da wanda yake Ankara za su iya ganinsu a ranar.

Hawa uku ne suke cin moriyar bayanin nan, kuma kowa da irin buƙatarsa. Na ƙasa, wato nas da akawu da mai ba da magani, suna son bayani dalla-dalla: wane yaro ne bai dawo allura ta biyu ba, kwalin magani nawa ya rage. Na tsakiya, wato daraktan lafiya na gunduma, ba ya buƙatar sunan kowane yaro, jimla yake so: wane yanki ne ya koma baya a wannan wata, ina za a tura babur da ma'aikaci. Na sama kuwa, a ma'aikatar lafiya, shekaru suke dubawa: ina za a gina sabon asibiti, nas nawa za a horar. Bayani yana hawa yana raguwa yana tacewa, umarni da kaya kuma suna saukowa. Idan na ƙasa ya rubuta ba daidai ba, duk na sama sun ɓata, domin kwamfuta ba ta san ƙarya ba. Abin da aka zuba mata shi take dafawa.

Darasin sanƙarau

Manyanmu ba su manta ranin 1996 zuwa 1997 ba. Sanƙarau ya ratsa ƙasashen Sahel. A Nijeriya kaɗai, a 1996, ya kama fiye da mutum 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Da ya iso arewacin Ghana ya kama fiye da mutum 18,000, fiye da 1,300 suka rasu. Masanan da suka bi diddigin abin daga baya sun nuna cewa da an fara rigakafi tun lokacin da alƙaluma suka soma hawa, da an tsirar da mutane masu yawa fiye da waɗanda aka tsirar. Allura tana nan a duniya. Abin da ya makara shi ne labari, da kuma matakin da ya kamata ya bi bayansa.

Bayan waɗannan annobai ne, a 1998, ƙasashen Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da tsari guda na sa ido a kan cututtuka masu yaɗuwa, inda ake kai rahoto kowane mako, wasu cututtukan ma nan take. Ga sanƙarau an sa ma'auni. Bisa ƙa'idar da hukumar ta gyara a 2014, idan a yanki mai mutum 100,000 aka sami mutum 3 da ake zaton sun kamu a mako guda, to a farka, a fara shiri. Idan suka kai 10, annoba ta shigo, sai a tashi tsaye.

Mai karatu ya lura da ƙanƙantar wannan adadi. Mutum uku! Wato idan gida biyu a Zango suka ɓoye marar lafiyarsu, ko suka ba da sunan wata unguwa dabam, ko aka yi jana'iza ba a sanar ba, ƙararrawar ba za ta kaɗa a kan lokaci ba. Gaskiya ne allurar MenAfriVac da aka yi a arewacin ƙasar nan a 2012 ta karya lagon nau'in sanƙarau mafi yawan kawo annoba a da, amma sauran nau'o'in ba su tafi ba, kuma duk bazara sai an sa ido. Rigakafi ya fi magani, shi kuwa rigakafi da labari yake farawa.

Abin da rubutu ya haifar a Navrongo

Ga wani misali kusa da mu, a cikin jiharmu ta Upper East. A Navrongo akwai cibiyar binciken lafiya wadda tun farkon shekarun 1990 ma'aikatanta suke bin gida-gida a ƙasar Kasena da Nankana, suna rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura, su koma bayan 'yan watanni su sake rubutawa. Aiki ne mai gajiyarwa wanda ba a yi masa kiɗa. Amma da wannan littafi ne aka gane cewa ba yara sinadarin bitamin A yana rage mutuwarsu da kashi 19 cikin ɗari, kuma gidan sauro mai magani yana rage ta da kashi 17 cikin ɗari. A can ne kuma aka gwada zaunar da nas a cikin ƙauye maimakon jiran mutane su zo gari, abin da ya zama tsarin CHPS da gwamnati ta ɗauka a 1999, wanda a yau muke ganin ƙananan ɗakunan shan maganinsa a ƙauyukanmu. Ba domin an san yara nawa aka haifa da nawa suka rasu ba, da babu mai iya cewa wannan dabara ta yi aiki, waccan ba ta yi ba.

Inda bango yake tsagewa

Tsarin bayani yana tsaye ne a kan ƙafa biyar: mutane, da ƙa'idar aiki, da shi kansa bayanin, da na'ura, da manhaja. Mutane sukan zargi na'ura, amma sau da yawa ba ita ce take fara gurguncewa ba.

Bawku gari ne na iyaka. Asibitin Presbyterian yana karɓar marasa lafiya daga Togo da Burkina Faso, kasuwar da take ci duk bayan kwana uku ma haka take tara jama'a. Alhali kuwa ana ƙiyasta yawan yaran da za a yi wa rigakafi ne daga ƙidayar jama'ar gunduma. Idan ba a rubuta inda kowa ya fito daidai ba, takarda za ta iya nuna an gama da kowa, alhali akwai lungun da ba a taɓa shiga ba. Haka kuma rikicin sarauta da ya sake tashi a ƙarshen 2021, da dokar hana fita da ta biyo baya, sun nuna mana yadda abin da ke kewaye da tsari yake iya shaƙe shi. Idan mace ta ji tsoron ratsa gari ta je awo, littafi zai nuna masu ciki sun ragu, alhali ba su ragu ba, ɓuya suka yi. Shi ya sa alƙaluma suke buƙatar mai karanta su wanda ya san gari.

Akwai kuma tsagewar da ta fi shafarmu mu mutanen Zango, wato ta suna. Mutum guda, a makarantar boko an rubuta shi Mahama, a katin inshora Mohammed, a banki Mahamadu. Husaini ya zama Fuseini, Abubakar ya zama Bukari, A'isha ta zama Ayishetu. Ranar haihuwa kuwa, kowane ofis da wadda aka faɗa masa. A da wannan bai dami kowa ba, domin littafin kowane ofis a ɗakinsa yake kwana. Yanzu littattafan sun fara magana da juna. An haɗa Ghana Card da lambar haraji da ta SSNIT a 2021, a shekarar aka fara sake rajistar layukan waya da shi, daga Yulin 2022 kuma bankuna suka koma neman sa. Ana haɗa shi da katin inshorar lafiya, tsarin da aka kafa da dokar 2003 domin a raba mu da zamanin biya-kafin-a-duba-ka. A wurin na'ura Mahama da Mahamadu mutum biyu ne. Ranar da tsoho zai je karɓar fanshonsa, ko ɗalibi zai nemi shiga jami'a, ranar ce harafi guda zai tsaya masa a wuya, a shiga neman takardar rantsuwa da zirga-zirga da kashe kuɗi.

Mun san dalilin da ya sa wasu dattawanmu ba sa son a rubuta su. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, kuma guguwar ta kwashi mutanen Zango da yawa, har da waɗanda a nan aka haife su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To amma idan muka duba da kyau, abin da ya ci mutane a lokacin ba rubutu ba ne, rashinsa ne. Wanda ba ya cikin littafi ba shi da abin nunawa ranar da aka tambaya. Kuma unguwar da ba a ƙidaya ta daidai ba, ba za a gina mata aji ko famfo daidai da yawanta ba, ko da kuwa akwai asusun raya Zango da aka kafa da dokar 2017.

Abin da ya rage namu

Na farko, a yi wa jariri rajistar haihuwa kafin ya cika shekara guda, lokacin da ake yin ta kyauta. Ranar suna a zauna a yanke yadda za a rubuta sunan da boko, a rubuta shi a takarda a ajiye, kuma kada a sake sauya ko harafi ɗaya.

Na biyu, idan akawu ya rubuta, ka nemi ya karanta maka kafin ka bar taga. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da yaron da ya iya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ta ba kowa damar ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya kuma nemi a gyara in akwai kuskure. Ba roƙo ba ne, haƙƙi ne.

Na uku, ka faɗi unguwarka ta gaskiya da shekarun gaskiya. Idan an yi rasuwa da ciwon da ba a gane ba, musamman mai sanƙarar da wuya da zafin jiki, a sanar da ma'aikatan lafiya.

Na huɗu ya shafi ƙungiyoyinmu. Ƙungiyar 'yan albasa, da ta mahauta, da ta direbobi, da adashin mata wanda a nan muke ce wa susu, da makarantun unguwa, nawa ne daga cikinsu suka watse saboda lissafi yana cikin kan mutum guda? Ranar da ya yi tafiya ko ya kwanta dama, sai zargi ya tashi, zumuncin shekara ashirin ya lalace a kan kuɗin da babu wanda ya ci. Ba sai an sayi kwamfuta ba. A sami littafi guda mai lambar shafi. Mai karɓar kuɗi dabam, mai rubutawa dabam. Kowane biya da rasit, in ta waya aka turo a kwafe lambar saƙon cikin littafi. Duk ƙarshen wata a karanta wa mambobi abu uku: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage. A ajiye kwafi a wani gida dabam saboda gobara da ruwa. Wanda ya yi wannan ya kafa tsarin bayanan gudanarwa, ko da bai taɓa jin sunan ba. In kwamfuta ta zo daga baya, za ta tarar da gida a share. In kuwa ta tarar da hargitsi, hargitsin za ta ƙara wa sauri.

Su ma hukumomi akwai nasu. Labari ba hawa kaɗai ya kamata ya yi ba, ya kamata ya sauko. Nas ɗin da take cika takarda kowane wata ba ta taɓa jin abin da aka yi da ita ba, wata rana za ta fara cikawa da ka. Jama'ar da ake yi wa tambayoyi ba a taɓa dawowa an gaya musu sakamako ba, za su gaji da amsawa. Ya kamata sarakunan Zango da shugabannin unguwanni su riƙa neman jami'an lafiya su zo taro su faɗa da Hausa: yaranmu nawa aka yi wa rigakafi bana, nawa suka rage, a wane lungu suke.

Saboda haka, 'yan uwa, in ka sake tsayawa a bakin tagar nan akawu yana jero tambayoyi, ka daure ka amsa da kyau, ka kuma duba abin da ya rubuta. Jagaban ayari ne yake tambayarka hanya, kuma abin da ka gaya masa shi zai kai wa madugu.